Yadda za ka koma Windows 11 ba tare da ka rasa jiragenka ba

Watan jiya ɗan yayata ya shigo shagona da azahar, ya goyo kwamfutarsa a bayan babur, an naɗe ta da zanen uwarsa saboda ƙura. Yaron nan tun yana firamare, da ya ji ƙugin jirgi ya taso daga filin Garwa zai bar tuwo ya fito tsakar gida yana ɗaga kai. Da ya girma ya tara kuɗin aikin hutu ya sayi kwamfuta 'yar gwanjo da sandar tuƙi, ya ɗora Microsoft Flight Simulator na 2020, wasan nan na tuƙin jirgin sama, kullum bayan isha'i yana tashi daga Garwa ya sauka Marwa ko Njamena. Ya ajiye ta a kan teburi ya ce, "Kawu, an ce Windows 10 ta mutu. In na canza, jiragena za su tafi?" Na ce, "Zauna ka sha ruwa tukuna, ɗana. Ba ta mutu ba, masu ita ne suka daina kula da ita."

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da aka saba. Ta buɗe wani shiri mai suna ESU da ke ƙara wa masu kwamfutar gida wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026, daga nan kuma sai kowa ya san inda dare ya yi masa. Kwamfutar da ke kwana a kan intanet, kana sauke jirage da filaye daga shafuka iri-iri, ba ta dace a bar ta ba kariya ba. Wannan ne dalilin ƙaura. Kada wani ya ruɗe ka cewa Windows 11 za ta sa hoto ya daina tsinkewa. A abin da na gani, bambancin gudu kaɗan ne, katin hoto da RAM su ne masu ɗaukar nauyin.

Jagororin da ake rubutawa a Turai suna ɗauka kana da wuta dare da rana da intanet marar iyaka. Mu a nan data da kuɗi ake sayen ta giga-giga, wuta tana tafiya ba sallama, zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40. Don haka duk abin da zan faɗa ya ta'allaƙa ne a kan abu guda: abin da ka riga ka sauke, kada ka bari ka sake sauke shi.

Fara da tambayar kwamfutar ko za ta iya

Kafin ka sayi data ko da ta sefa ɗari, duba furoseso, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Windows 11 tana karɓar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, AMD kuma daga Ryzen 2000. A sunan furoseson Intel, lambar farko bayan ɗan layin nan (biyun farko daga ƙarni na 10) ita ke nuna ƙarni: i5-8500 na 8 ne, ya shiga, i5-6500 na 6 ne, bai shiga ba. Da yawa daga cikin tsofaffin Dell OptiPlex da HP na ofis da ake kawo mana daga Duwala 'yan ƙarni na 4 ne ko na 6, sai ka lura. Tana kuma neman RAM giga 4 da fili giga 64, amma wannan na Windows ne kaɗai. Flight Simulator na 2020 yana neman RAM giga 8 a ƙalla da fili giga 150. Na 2024, wanda ya fito 19 ga Nuwamba 2024, yana neman giga 16 a ƙalla.

Sai abubuwa biyu da suka fi ba mutane wahala: TPM 2.0, ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, da UEFI, sabon tsarin tayar da ita. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc. In ya nuna sigar 2.0, madalla. In ya ce bai ga komai ba, kada ka yanke ƙauna, sau da yawa a kashe yake kawai. Sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a yawancin Lenovo na tebur, Del ko Suppr a kwamfutocin haɗi. Nemi PTT in Intel ce, fTPM in AMD ce, sunayen TPM ke nan a can, ka kunna. Ta ɗan yayata haka take, i5 na ƙarni na 8 ce amma PTT a kashe tun daga inda aka kawo ta.

Daga nan rubuta msinfo32 a wannan akwatin na Windows da R. Da yake yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke magana, layin da za ka nema shi ne "Mode BIOS". In ya ce UEFI, wuce gaba. In ya ce "Hérité", to faifanka yana kan tsohon tsari na MBR, dole a juya shi zuwa sabon tsari na GPT. Akwai ƙaramar manhaja a cikin Windows 10 mai wannan aiki: buɗe cmd, baƙin allon rubuta umarni, da ikon mai gida (administrateur), ka rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ta amince ka rubuta mbr2gpt /convert /allowFullOS, sannan ka koma BIOS ka canza daga Legacy ko CSM zuwa UEFI. Jerin yana da muhimmanci. Wanda ya fara canza BIOS kafin ya juya faifai, kwamfutarsa ba za ta tashi ba sai ya mayar. Kuma kada ka taɓa wannan sai ka gama ajiye kwafin kayanka, wanda zan zo kansa yanzu.

In kana son a taƙaice maka duka, sauke "Contrôle d'intégrité du PC" daga shafin Microsoft, zai gaya maka abin da ya rage.

In kwamfutar ba ta shiga ba fa? Masu gyara za su ce maka akwai dabarar tsallake sharuɗɗan da manhajar Rufus, kuma gaskiya ne tana aiki. Ni ba na yi wa mai tuƙin jirgi ita. Microsoft ta faɗa a fili ba ta lamunce wa irin waɗannan kwamfutoci gyare-gyare ba, kuma duk lokacin da babbar siga ta fito sai ka sake ɗawainiya da kashe data. Gara ka shiga ESU ka sami lokacin tara kuɗi, ko ka ɗora Linux Mint a maimakon Windows. Flight Simulator ba a yi shi don Linux ba, amma takwaransa X-Plane 12 yana tafiya a kai, haka FlightGear wanda kyauta ne gaba ɗaya kuma yana haƙuri da tsofaffin na'urori.

Ka fitar da jiragen daga gidan da za a yi wa gyara

Nan ne zan daɗe, domin nan ne mutane ke kuka.

Flight Simulator na 2020 kashi biyu ne. Akwai ƙaramin ɓangaren da ke kunna shi, akwai kuma babban rumbu inda jirage, filayen sauka da taswira suke, wanda yake haura giga 100. A cikin rumbun nan folda biyu ne: Official, kayan kamfani, da Community, inda ka zuba abin da ka sauke da kanka, irin su fentin jirage da ƙarin filaye. Inda rumbun yake an rubuta shi a layin ƙarshe na wani ɗan fayil mai suna UserCfg.opt, a gaban kalmar InstalledPackagesPath. In ta Steam, kantin wasanni na intanet, ka saya, fayil ɗin yana cikin %APPDATA%\Microsoft Flight Simulator. In ta kantin Microsoft ne, yana can cikin %LOCALAPPDATA%\Packages, a foldar da sunanta ya fara da Microsoft.FlightSimulator, ƙarƙashin LocalCache. Buɗe shi da Bloc-notes ka karanta.

In ka ga rumbun yana kan faifan C, kwafe shi dungurungum zuwa wani faifai dabam. Faifai na biyu a cikin kwamfutar ya fi, in SSD ne, faifan nan mai sauri, ya fi kyau ƙwarai. In babu, na waje ma ya wadatar don ajiya. Ka ba shi suna gajere, kamar D:\MSFS. Amfanin wannan shi ne, ko da gyaran ya lalace har aka share C gaba ɗaya, idan ka sake ɗora manhajar za ta tambaye ka inda za ta zuba kaya. Sai ka nuna mata D:\MSFS, ta leƙa ta ga kayan suna nan, ta sauke ɗan abin da ya sabunta kawai. Abu ɗaya: rumbun Steam da na kantin Microsoft sunan foldar cikinsu ya bambanta, ɗaya Steam ɗaya OneStore, don haka ka koma ta ƙofar da ka saya.

Na koyi wannan ne da tsada. Shekarun baya wani malamin makaranta ya kawo mini tasa, na yi masa sabon ɗori, na ajiye takardunsa da hotunan iyalinsa tsaf, ban san rumbun jiragen yana ɓoye a cikin AppData ba. Mako uku bawan Allah yana tashi tsakar dare yana sauke abin da ya riga ya biya sau ɗaya. Bai yi mini faɗa ba, amma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

X-Plane mai sauƙin hali ne. Komai nasa a folda ɗaya yake, jirage, taswira, saitin sanda, duka. Kwafe foldar kawai, ko'ina ka ajiye ta za ta tashi. Ka dai rubuta lambar lasisinka a takarda. FlightGear kuma ka nemo foldar TerraSync, inda yake tara ƙasar da ka taɓa bi ta kanta.

Littafin tafiye-tafiyenka da saitin maɓallan sanda a Flight Simulator suna ajiye a asusunka na Microsoft ko na Steam, suna dawowa da kansu. Duk da haka ina sa yara su ɗauki hoton kowane shafi na saitin da waya. Minti biyar ne, kuma wanda ya taɓa shafe dare yana daidaita lanƙwasar sanda ya san darajarsa. Ka tabbatar kana tuna kalmar sirrin asusun Microsoft da na Steam, kuma lambar wayar da ke kansu tana hannunka. Layukan waya da yawa sun mutu da asusun mutane a cikinsu.

Sai takardu da hotuna, su ma a kwafe. In BitLocker, makullin faifai na Windows, yana kunne, ka dakatar da shi kafin ka taɓa BIOS, ka rubuta lambar ceto mai alƙaluma 48 a takarda ka adana.

Sauke sau ɗaya, kuma da harshen da ya dace

Hanya uku ce: Windows Update, mataimakin ɗori na Microsoft, ko fayil ɗin ISO, wanda ke ɗauke da Windows 11 gaba ɗayanta. A wajenmu ISO ya fi. Ya haura giga 5, amma sau ɗaya ake sauke shi, a zuba a kile na USB, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa filash, ya yi wa kwamfuta goma aiki. In intanet ya yanke a tsakiyar Windows Update, wani lokaci daga farko ake komawa. Daga shafin Microsoft kaɗai za ka ɗauko shi. Wanda ake turawa ta WhatsApp ko ake sayarwa a kasuwa an "gyara" shi, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba.

Ga tarkon da ya fi kama mu 'yan kan iyaka. Kwamfutar da ta zo ta Duwala galibi Faransanci ce, wadda ta zo ta Yola ko Mubi Turanci ce. In harshen ISO bai yi daidai da ainihin harshen Windows ɗinka ba, zaɓin riƙe manhajoji zai dushe, ba zai dannu ba, sai dai ka share su. Kuma abin da kake gani a allo ba hujja ba ne, domin ana iya ɗora Faransanci a kan Windows da asalinta Turanci ce. Rubuta dism /online /get-intl a cmd, ka duba harshen tsarin na asali. In fr-FR ne ka sauke na Faransanci, in en-US ka ɗauki na Amurka, in en-GB ka ɗauki English International.

Leƙa shafin Activation ma. Windows 10 mai lasisi na gaskiya tana wucewa 11 kyauta, Famille ta koma Famille, Pro ta koma Pro.

Ranar aiki

Zaɓi lokacin da ka san unguwarku ta fi samun wuta, kuma da sanyin safiya ko dare. Ondilar, wato UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, minti kaɗan take riƙe kwamfutar tebur, aikin kuwa yakan ci kusan awa ɗaya a SSD, a tsohon faifai mai juyawa ya ninka haka. In kana da maƙwabci mai sola da batura masu kyau, kai kwamfutar can; in janareta ne, a cika masa mai, a sa ondilar a tsakani. Windows takan iya komawa baya da kanta idan wuta ta yanke, amma ba kullum ba. Sabunta BIOS kuwa, in ba dole ba kada ka yi shi, in dole ne kada ka fara sai kan batir, domin yankewar wuta a wannan minti biyun tana iya kashe allon uwa, wato carte mère, ɗungurungum.

Buɗe murfin ka hure ƙurar hunturu daga fanka da katin hoto. Ta ɗan yayata da muka buɗe, ƙura ta yi kamar auduga a haƙarƙarin fankar furoseso, sai da muka sa buroshin fenti.

Cire sandar tuƙi, maƙurar mai, fedar ƙafa, faifan waje da ka yi ajiya a kai, ka bar allon rubutu da linzami kaɗai. In akwai rigakafin ƙwayar cuta na wani kamfani, cire shi tukuna. Danna ISO sau biyu, zai buɗe kamar faifai, ka kunna setup.exe. A shafin farko akwai wurin canza yadda ake sauke gyare-gyare. Zaɓi "Pas maintenant" don kada ya ja data yana tsakiyar aiki. Idan ka iso shafin ƙarshe, karanta da idonka cewa an rubuta "Conserver les fichiers personnels et les applications". In ba haka aka rubuta ba, tsaya, koma kan maganar harshe.

Daga nan sai haƙuri. Za ta mutu ta tashi sau da yawa, wani lokaci lambar ta tsaya wuri ɗaya kamar ta maƙale. Muddin fitilar faifai tana ƙiftawa, kada ka taɓa ta. Yaron nan sai da na kore shi ya je ya sayo mana ƙosai, don hannunsa yana ta kaiwa ga maɓalli.

Bayan ta tashi, kafin ka taɓa jirgi

Abu na farko, toshe ɓarakar data. Shiga Paramètres, Réseau et Internet, buɗe bayanan layin da kake kai, kunna "Connexion limitée". Duba OneDrive kuma, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, domin yana son ya kwashe Documents da Bureau ya hau da su sama, in ka bar shi zai shanye maka data cikin dare ɗaya. Amma ka ware rana guda ka bar Windows Update ta gama gyare-gyaren tsaro, ai don su aka yi ƙaurar.

Sai direban katin hoto, wanda Faransawa ke kira "pilote". Ɗauko shi kai tsaye daga shafin NVIDIA, AMD ko Intel, kada ka dogara da wanda Windows ta sa. Masu GTX 970 ko 1060, waɗanda suka fi yawa a kasuwar gwanjo, ku sani NVIDIA ta rufe sabbin direbobin wasanni na waɗannan katuna a ƙarshen 2025, saura na tsaro kawai. Na ƙarshen yana aiki lafiya, ku ajiye kwafinsa a kile.

Yanzu mayar da kayan tuƙi ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ramin da yake a da. Rubuta joy.cpl, ka motsa sandar gaba da baya, hagu da dama, ka ga alamar tana bi kuma tana komawa tsakiya. In tsohuwar sandar Saitek gare ka kuma ta ƙi, duba Sécurité Windows ƙarƙashin "Isolation du noyau": saitin "Intégrité de la mémoire" yana hana wasu tsofaffin direbobi tashi. Fara neman sabon direba a wurin Logitech, wadda ta sayi Saitek a 2016, kafin ka yi tunanin kashe kariyar. Sannan a Gestionnaire de périphériques, buɗe kowane "concentrateur USB" ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tanadin wuta. Wannan ne ke sa sanda ta mutu bayan awa ɗaya kana sama, daidai lokacin da za ka sauka.

Duba allon rubutu ma. Namu AZERTY ne, in Windows ta mayar da shi QWERTY, maɓallan da ka saba za su sauya wuri, A ta koma Q, lambobin sama su rikice. Windows tare da maɓallin tazara yana juya shi.

Mai gilashin VR na HP Reverb G2 ko wani na Windows Mixed Reality, in akwai shi a cikinmu, ya sani Microsoft ta cire wannan tsari daga siga 24H2 ta Windows 11.

Tashin gwaji

Ina so tun kafin gyara ka yi wata tafiya guda ka rubuta yawan hotunan da kake samu a daƙiƙa, don ka sami abin kwatantawa. A Flight Simulator ana ganin lambar ta yanayin masu ƙira, wato Mode développeur, a X-Plane ta Data Output. Tawa tafiyar ba ta canzawa: Cessna 172 daga filin Garwa mai lamba FKKR, sararin sama garau, ƙarfe 8 na safe, in bi Binuwai ta kan gada in nufi kudu maso gabas har tafkin Lagdo in juyo. Wanda ke Marwa ya tashi daga Salak, FKKL, ya zagayo dutsen Mindif. Na Njamena ya tashi daga FTTJ ya bi Shari. Jirgi ɗaya, yanayi ɗaya, sa'a ɗaya.

Tashin farko ka yi shi da Community a wofince: canza wa foldar suna na ɗan lokaci. Mintunan farko hoto zai yi ta tsinkewa, domin sabon direba yana sake gina ma'ajiyarsa, wannan ba matsala ba ce. A tashi na biyu za ka yi hukunci. In lafiya, mayar da kayan Community kaɗan-kaɗan, ta haka in wani ya kawo cikas za ka san wane ne. Buɗe Gestionnaire des tâches ka sa ido a kan zafin katin hoto. In yana haura digiri 85, rage saitin hoto ko ka ƙayyade shi a hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya ishi ƙaramin jirgi sarai.

A shafin Données na Flight Simulator akwai wurin sa iyakar data da ma'ajiyar taswira mai juyawa. Ka ba ma'ajiyar giga 16 ko fiye a kan D, tunda hanyoyi ɗaya kake yawan bi, ba sai an sake jawo ƙasar Garwa kullum ba. Wannan ne ma ya sa ban cika ba mutanenmu shawarar gaggawar komawa na 2024 ba: kusan komai daga intanet yake jawo shi yana tafiya, mafi ƙarancin gudun da yake nema megabit 10 ne, wanda ake so kuma 50.

Kwana 10 gare ka na komawa Windows 10 ta Paramètres, Système, Récupération, "Retour en arrière". A cikin kwanakin nan kada ka share foldar Windows.old ko da fili ya matse. In kana son ƙarin lokaci, rubuta DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60 a cmd kafin goman su cika, za ta ba ka kwana 60.

Ta ɗan yayata mun gama ta bayan la'asar. Data da ta tafi ba ta wuce ta direban katin hoto da gyare-gyaren tsaro ba, tunda ISO yana kilena tun tuni. Ya zauna a kujerar shago ya tashi Cessna ɗinsa, ya karkata hagu a kan Binuwai, ya nuna mini allo ya ce, "Kawu, ga filin ƙwallo na Rumde Ajiya can." Na ce ya sauka lafiya tukuna, sannan mu naɗe ta a zanen kafin magariba.